Kafin a fara yin sirinji a Kano, a koyi yanka bututu da fiƙe bakin allura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili, ko da za mu ɗan ja magana, mu yi bayani a kan wani sashe na sana'ar ƙera kayan asibiti da ba a cika taɓo shi ba.

Tun watan Yunin 2024, da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗage haraji daga injuna da kayan haɗa magunguna da kayan asibiti, har da allura da sirinji, zancen "mu ma mu riƙa yin namu" ya ƙara ƙarfi a Kano. Ba abin mamaki ba ne, domin Kano ta iya roba. Daga Sharaɗa zuwa Challawa da Bompai, injunan zuba roba ba sa hutawa. Mai irin wannan inji idan ya ɗauki sirinji ya jujjuya shi, ya ga ganga da sandar turawa da murfi, zai ce ai wannan aikinmu ne. Yana da gaskiyarsa. Sai dai abin da ke huda fatar jariri a wurin rigakafi, ko jijiyar mai sikila da ake wa ƙarin jini, ɗan siririn bututun ƙarfe ne da aka yanka aka fiƙe bakinsa. A nan ingancin yake, a nan kuma wahalar take. Duk wanda ya kafa masana'anta ya bar wannan sashe a hannun wasu ƙasashe, marufi kawai yake yi wa kayan wasu.

Ƙarfen da ake amfani da shi sitenles ne, wato wanda ba ya tsatsa, kuma iri biyu suka fi yawa. Akwai mai lamba 304, wanda ke da kuromiyam kimanin kashi 18 cikin 100 da nikel kashi 8. Shi ne na yawancin allurai. Akwai 316L, wanda aka ƙara wa molibdinam kashi 2 zuwa 3 don ya fi jure gishiri. Girman bututun da geji ake faɗarsa, kuma lambar tana hawa bututun yana sirancewa. Allurar nan mai koren gindi geji 21 ce, faɗinta daga waje milimita 0.8, ramin cikinta kimanin 0.5, kaurin bangonta kuwa bai wuce 0.15 ba. Mai shuɗin gindi geji 23 ce, milimita 0.6, mai ruwan lemo geji 25, milimita 0.5. Launukan nan ƙa'idar duniya ce mai lamba ISO 6009. A kula, na kanular ƙarin ruwa daban suke: a can kore geji 18 ne, ruwan hoda 20, shuɗi 22. Wanda zai zuba robar gindi bai san wannan ba, zai iya haɗa ma'aikatan jinya da ruɗani.

Shi bututun ana fara shi ne daga siririn falle na ƙarfe, a naɗe, a yi masa walda a tsawonsa, sannan a riƙa jan sa ta cikin ramuka masu raguwar faɗi, ana gasa shi a tsakani a zafin da ya haura digiri 1,000 don ya yi laushi ya sake jawuwa. Ba ma ba kowa shawarar ya fara daga nan. Masana'antun allura da yawa a duniya sayen bututun suke yi. Abin da ya wajaba a kan mai saye shi ne ya nemi takardar shaidar kowane kaya, mai ɗauke da lambar narki, wato lambar rukunin da aka narka ƙarfen a cikinsa, da abin da ke cikin ƙarfen, a bisa ƙa'idar ISO 9626, sannan ya auna da kansa. Ramin ciki ya fi komai buƙatar awo, domin idan ya ragu da kashi 10 cikin 100, ruwan da zai bi ta ciki yakan ragu da kusan kashi 34. Wani abu kuma: gwajin maganaɗisu da 'yan Ƙofar Ruwa ke yi don gane sitenles ba ya aiki a nan. Ƙarfen 304 idan aka ja shi a sanyi yakan ɗan kama maganaɗisu, don haka allura mai kyau ma za ta iya mannewa.

To, yanka. Bututu mai bangon milimita 0.15 ba ya jure almakashi ko zarto ko giranda irin ta 'yan walda. Almakashi zai matse bakin ya toshe ramin. Zarto zai kama bangon ya yage shi, saboda haƙoransa sun fi bangon girma. Giranda kuwa za ta ƙona wurin, ta kuma tura ƙarfen da ya yi laushi cikin ramin ya zama ƙaya. Wannan ƙaya ita ce babbar abokiyar gabar mai wannan sana'a. Ido ba ya ganinta sai da madubi, amma tana rage gudun magani, tana fasa ƙwayoyin jini idan ana ɗiba, kuma tana iya ɓallewa ta bi magani ta shiga jijiya.

Hanya mafi araha ita ce siririn faifan dutse mai kaurin rabin milimita ko ƙasa da haka, ana kwarara masa ruwan sanyaya. Ba ɗai-ɗai ake yanka ba. Ana haɗa bututun dami guda, ɗaruruwa, a naɗe su tam a cikin kwasfar roba ko takarda, a matse damin a maƙalli, sannan faifan ya sauko. Idan matsin bai isa ba, na gefe-gefe sai su riƙa juyawa da faifan, bakinsu ya fito a karkace. Idan matsin ya yi yawa, na waje su ɓaje su daina zama zagaye. Saukar faifan ma haka: gaggawa tana haifar da ƙaya mai kauri, jinkiri kuma yana sa faifan ya riƙa goga ba ya ci, fuskarsa ta toshe ta yi santsi, zafi ya taru. Lissafin asara shi ma a yi shi tun farko. A misali, allura mai tsawon milimita 40 tana buƙatar ƙarin abin da zai shige cikin gindin roba, a ce a yanka 48. Da faifai mai rabin milimita, sanda mai mita 3 ba za ta ba da fiye da guda 61 ba, kafin a zubar da na bakin farko da na ƙarshe. Kuma faifan da ya taɓa yanka baƙin ƙarfe, ko burushin da ya taɓa goge shi, ba ya kusantar wannan aiki har abada, domin ɓurɓushin da zai dasa a jikin bututun shi ne zai fito da ɗigon tsatsa bayan an rufe kaya an kai kasuwa.

Wasu masana'antu suna amfani da yankan lantarki da ruwan gishiri. Faifan a nan mai ɗaukar wuta ne. A haɗa shi da waya ɗaya, bututun da ɗayar, a sako wuta mai ƙaramin ƙarfi irin ta batir, a riƙa zuba ruwan gishirin sodiyam naitiret a tsakaninsu. Wutar ce ke narkar da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ake cirewa, dutsen share hanya kawai yake yi. Tunda babu zafi babu dannawa, bakin yakan fito sumul ba ƙaya. Amma tana da nata sharuɗɗan. Wuta ta yi yawa, gefen yankan ya zaizaye, jikin bututun ya yi ramuka ƙanana. Ta yi kaɗan, dutsen ya koma yanka da ƙarfinsa, ƙaya ta dawo. Idan ba a ɗauraye nan take ba, gishirin ya bushe a cikin ramin. Sannan dagwalon ruwan yana iya ɗaukar nau'in kuromiyam mai guba. Kogin Challawa ya riga ya sha abin da ya ishe shi daga masana'antun fata. Wanda zai kawo wannan inji ya zo da na'urar tace ruwansa a cikin kaya ɗaya.

Akwai kuma yanka da siririyar wayar tagulla mai tartsatsin wuta, wadda ba ta da sauri amma ba ta kuskure, sai kuma hasken leza. Da leza ake sassaƙa ragar nan da ake sa wa a jijiyar zuciya don ta buɗe, daga bututu guda, faɗin yankan kimanin milimita 0.02. A irin wannan aiki akan tura ruwa ta cikin bututun yayin yanka, don kada hasken ya wuce ya ƙona bangon da ke fuskantarsa. Wannan matakin yana gaba; mun ambace shi ne don a san inda hanyar ta nufa.

Malam Edita, mu zo kan baki, inda muke so masu karatu su tsaya da kyau. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya ga yadda ake fiƙe alƙalami: yanka ɗaya doguwa mai gangare, sannan a rage gefen dama da na hagu har tsini ya fito a tsakiya. Bakin allura haka yake, fuska uku. Ana jera guntayen bututun kafaɗa da kafaɗa a kan tef mai danƙo, ɗaruruwa a layi guda, kawunansu daidai wa daida. A sa layin a maƙalli mai leɓen roba, a karkata shi, a wuce da shi ta gaban faffaɗan dutsen wasawa mai laushin ƙwaya. Wannan shi ne gangaren farko. Ƙa'idar ISO 7864 ta ce a allurar yau da kullum digiri 11 ne, da rangwamen digiri 2 sama ko ƙasa, gajeren baki kuma kimanin digiri 17. Bambancin ba ƙarami ba ne. A bututun milimita 0.8, digiri 11 yana ba da gangare mai tsawon milimita 4.1, digiri 17 kuma 2.6. Dogon ya fi kaifi da sauƙin shiga tsoka, amma tsininsa ya fi saurin lanƙwasa, kuma a siririyar jijiya yana iya huda bangon baya alhali rabin bakin yana waje. Shi ya sa ake neman gajere a wasu ayyukan jijiya da allurar cikin fata.

Gangare ɗaya kaɗai bai isa ba, domin bakinsa faffaɗa ne, yana yagar fata maimakon ya tsaga ta. Don haka bayan wasawar farko, leɓen maƙallin na sama yakan zame gefe kaɗan, ya mirgina dukkan bututun lokaci guda zuwa hagu, a wasa. Ya sake mirgina su dama, a wasa. Fuskokin nan biyu su ne ke haɗuwa su fitar da tsini. Yawancin ɓarna a nan take faruwa. Idan robar leɓen ta tsufa ko mai ya taɓa ta, wasu bututun za su zame ba su mirgina daidai ba, fuska ɗaya ta fi ɗaya faɗi, tsinin ya koma gefe. Irin wannan allura tana kaucewa a cikin nama, ma'aikaci ya nufi jijiya ta bi wani wuri, a yi ta soka yaro yana tsala ihu ana zargin hannun nas. Idan kuma aka ci ƙarfe da yawa a wucewar ƙarshe, ɗan tsinin da ya sirance yakan lanƙwashe baya ya zama ƙugiya. Gwajinta tsoho ne kuma ba ya cin kuɗi: a ja allurar da baya a cikin auduga, idan ta fito da zare a bakinta, akwai ƙugiya. Dabarar masu aikin ita ce wucewar farko ta ɗebe mafi yawa, ta ƙarshe kuma ta shafa kawai.

Akwai wurin da ba a so ya yi kaifi ko kaɗan, wato dunduniyar bakin, gefen ramin na baya inda gangaren ya ƙare. Dutse yakan bar shi da kaifi kamar tsinin. Idan aka bar shi haka, tsini ya buɗe hanya, dunduniya ta biyo ta yanko ɗan guntun abin da aka huda. Ma'aikatan jinya sun san shi: a soka allura a murfin robar kwalbar garin magani, a zuba ruwa, sai a ga wani baƙin ɗigo yana yawo a ciki. Robar murfin ce. Abin da ya yi wa roba shi yake yi wa fata. Maganinsa a masana'anta shi ne a rufe tsinin, a fesa wa dunduniyar kaɗai garin gilashi mai laushi da iska har kaifinta ya mutu. Fesawar ta zarce, tsinin ya dakushe. Ta gaza, matsalar tana nan. A asibiti kuma ana rage abin ta hanyar kafa allurar a karkace, gangaren yana kallon sama, sannan a miƙe ta yayin da take shiga murfin.

Zafi shi ma ba a wasa da shi. Bakin da ya fito da launin ruwan zuma, ko ƙasa-ƙasa, ko shuɗi, ya ƙone. Launin yana nuna cewa kuromiyam ɗin da ke kare saman ƙarfen ya ragu a wurin, kuma ta nan tsatsa za ta fara. Tsinin ma ya rasa taurinsa. Sanadin ba ya wuce uku: ruwan sanyaya bai kai daidai inda dutse ke taɓa ƙarfe ba, ko fuskar dutsen ta toshe ba a gyara ta da bakin daimon ba, ko an matsa wa injin don a cika adadi. Ruwan sanyayar kansa sai an riƙa tace shi, in ba haka ba garin ƙarfen da ke ciki ya dawo ya karce fuskar da aka gama.

Ba kowace allura ce ke son wannan baki ba. A 1891 likitan Jamus Heinrich Quincke ya fara ɗiban ruwan kashin baya, kuma allura mai yankakken baki ta wannan aiki har yau sunansa take ɗauke da shi. Daga baya aka gane cewa ramin da take bari a jikin rufin lakar yana yoyo, abin da ke jawo matsanancin ciwon kai bayan allurar baya. A 1951 likitan Amurka Whitacre ya fito da mai bakin fensir don rage wannan matsala, likitan Jamus Sprotte ya inganta ta a 1987. Ita wannan ba a wasa mata gangare. Ana murza bakin ne a matse shi har ya rufe ya yi tsini, sannan a huda ƙofa a gefe kusa da shi. Ƙofar ta yi nisa da tsini ko ta yi tsawo, rabin maganin ya zube a inda ba a so, mai naƙuda tana kan gadon tiyata maganin bai kama ba. Irin ta Quincke kuwa tare ake wasa ta da wayar da ke toshe cikinta, don fuskokinsu su zama ɗaya, shi ya sa ba a musanya wayar wata da ta wata. Allurar Tuohy, wadda ake zura tiyon maganin kashe zafi a baya da ita, ana lanƙwasa bakinta kafin a wasa, a kuma kashe kaifin dunduniyarta sosai, domin siririn tiyo zai bi ta ciki, kuma kaifi kaɗan ya isa ya datse shi a bayan mutum. Ta wankin ƙoda, wadda ake amfani da ita kullum a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, geji 15 zuwa 17 ce, ana yi mata ƙarin ƙofa a baya don jini ya ci gaba da gudu ko da bakin ya manne da bangon jijiya.

Bayan wasawa sai wanki, kuma mutane sun fi raina shi. Ana cire danƙon tef da mai a bahon da ke girgiza ruwa da sauti, amma girgizar ba ta isa cikin rami mai rabin milimita sosai, don haka dole a tura ruwa ta cikin kowane bututu da matsi. Daga nan a tsoma su a asid ɗin naitirik ko na sitirik, ya cinye ɓurɓushin baƙin ƙarfe ya bar saman ya sake yin rigarsa ta kariya. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa ake yi, wanda aka cire wa gishiri. Ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo yana barin tabo, haifo na wanki kuwa yana cin sitenles ya yi masa ramuka. Sai a shafa man silikon don santsi, kada ya wuce miligiram 0.25 a kowane murabba'in santimita, kada kuma a ga ɗigonsa da ido. Sai a manna bututun a gindin roba da gam. Gam ya yi yawa ya gangara ya toshe ramin, ya yi kaɗan allura ta zare ta zauna a cinyar yaro. Ƙa'ida ta ce mai milimita 0.8 ta jure jan da ya kai nauyin kimanin kilo huɗu da rabi ba ta fita ba. Ƙarshe a rufe a leda a kashe ƙwayoyin cuta da iskar etilin oksaid, a bar kayan su sha iska har ragowar gubar ta fice.

Gwaje-gwajen ba sirri ba ne, a rubuce suke. Ana tsoma rabin bututu a ruwan gishiri na awa 7 a ga ko zai nuna tsatsa. Ana lanƙwasa shi gaba da baya sau 20 a ga ko zai karye. Ana zura sandar gwaji ta cikin ramin a tabbatar ta wuce. Ana soka allurar a wata fatar roba mai kaurin milimita 0.4 a hankali, inji yana zana ƙarfin da ta buƙata: tudun farko na tsini ne, na biyu na fuskokin gefe, na uku na dunduniya, abin da ya biyo baya kuma santsin jiki. Wanda ya iya karanta wannan zane zai gaya maka ko dutse ne ya toshe, ko fesawa ce ta zarce, ko silikon ne bai isa ba, ba tare da ya je gaban injin ba. Irin wannan mutum muke so a horar a Kano.

Garinmu yana da nasa larurorin da mai sayar da inji daga waje ba zai faɗa maka ba. Wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar wasawa, dutse ya rage gudu, layi guda na ɗaruruwan allurai ya fito da tsani a fuska, sai bola. Don haka injin wasawa da na yankan lantarki suna buƙatar wutar da ba ta rawa, ta batir da na'urar daidaitawa, ko ta KEDCO ce ke shigowa ko ta janareta. Awo kuma a duniya a zafin digiri 20 ake yin sa. Ƙarfen 304 yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.017 a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya. A watan Afrilu da Kano ke kai digiri 40, bututu mai mita guda ya ƙaru da sulusin milimita ke nan. A gajeriyar allura ba komai ba ne, a dogon bututun aikin jijiya kuwa ya isa a dawo maka da kaya. Sai ƙurar hunturu, wadda ke shiga ko'ina ta manne a silikon. Ɗakin haɗawa dole ya zama rufaffe, iskarsa tatacciya, matsinta ya fi na waje don idan an buɗe ƙofa iska ta fita maimakon ta shigo. Iskar kwamfaresa ita ma ta zama marar mai marar ruwa.

Ra'ayinmu shi ne kada a fara da allurar sirinji ta yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana yin allura kimanin biliyan 16 a shekara, kuma masu cika wannan kasuwa injunansu na fitar da miliyoyi, ribar kowace ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Masana'antar sirinji ta Jubilee da ke Onna a Jihar Akwa Ibom, wadda aka buɗe a 2017, ta dakatar da aiki a farkon 2024. Wannan ya isa ya sa mai kuɗi ya yi lissafi sau biyu. A fara da abin da ake buƙata kaɗan-kaɗan kuma kuskurensa ba ya kisa: bututu marar tsini na ɗura magani da na wanke rauni, bakin tiyon zuƙe ruwa a tiyata da wurin likitan haƙori, bututun injunan gwaje-gwaje da ke lalacewa a ajiye inji wata da watanni ana jiran ɗan guntun ƙarfe daga waje. Daga nan a hau zuwa allurar dabbobi mai gindin ƙarfe, geji 16 da 18, wadda ke da kasuwa a duk inda ake kiwo. Hannu ya faɗa, takardu sun daidaita, sannan a nemi rajistar NAFDAC da shaidar ISO 13485 ta ingancin ƙera kayan asibiti, a fuskanci ta mutane.

Ba sai kowa ya sayi nasa injin ba. Ɗaki ɗaya na haɗin gwiwa ya isa a fara, ko a Tsangayar Injiniya ta Jami'ar Bayero, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ko a cibiyar renon fasaha da ke garin nan. A sa injin yanka ɗaya, na wasawa ɗaya, madubi mai ƙara girma sau 20 zuwa 50, sandunan gwajin rami, bahon wanki, na'urar tace ruwa da injin auna ƙarfin huda. Kuɗin kayan awo kada a taɓa shi don a ƙara injin ƙira, domin wanda ba ya iya aunawa bai san abin da yake fitarwa ba. Kowane kaya kuma ya kasance da takardarsa, daga lambar narkin ƙarfe zuwa sunan wanda ya wasa da ranar da aka gyara dutse, ta yadda idan ƙorafi ya zo daga asibiti za a san kwalayen da za a janye.

Kafin a kai can, akwai abin da za a iya yi gobe da safe. Masu sayo wa asibitoci kaya, da dillalan kasuwar magani ta Ɗangwauro, su riƙa zaro allurai goma ko ashirin daga kwalaye daban-daban na kowane sabon kaya, su duba da madubin hannu: tsini a tsakiya yake, fuskokin gefe daidai suke, babu launin ƙuna, babu ɗigon mai, auduga ba ta kamawa, ruwa yana fita a miƙe. Su duba lambar NAFDAC da lambar kaya da ranar ƙarewa a jikin leda. Waɗanda aka gwada a jefa su a akwatin ƙona allurai. Muna kuma roƙon masu kemis da masu allura a unguwanni, don girman Allah, kada wanda ya karanta wannan bayani ya ɗauka allurar da aka yi amfani da ita za ta gyaru da dutse ko tafasawa. Silikon ɗinta ya tafi, tsininta ya lanƙwashe tun a sukar farko, jinin da ke cikin ramin kuma ba ya fita duka, ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke ratsawa daga wani zuwa wani.

Gare ka kuma, Malam Edita, duk ranar da aka gayyaci wakilinka buɗe masana'antar sirinji ko aza harsashinta, a Kano ko a wani gari, ya tambayi masu ita a ina ake yanka bututun, a ina ake wasa bakin, da wane inji ake auna kaifinsa, kuma 'yan ƙasa nawa aka koya wa aikin. Ya roƙi a shiga da shi ɗakin ya gani da idonsa, ya buga mana amsar a wannan shafi.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyi da masu gyaran kayan asibiti,
Birnin Kano.